A Elat, Inda Ake Zaɓa Wa Kifi Abokin Zama

Duk wanda ya yi makarantar Lahadi ya san Bahar Maliya. Ko yara ƙanana suna iya ba da labarin yadda Ubangiji ya raba ruwa, Isra'ilawa suka haye, karusan Fir'auna suka nutse. Amma ba kowa ya san abin da ke cikin ruwan nan ba. Teku ne mai tsawo, wajen kilomita 2,000, yana kwance tsakanin Afirka da ƙasar Larabawa. Ta wajen arewa ya rabu biyu kamar yatsu. Yatsa ɗaya ya nufi Suwes, ɗayan kuwa ya nufi Akaba. A ƙarshen na biyun nan ne garin Elat yake, can iyakar kudancin ƙasar Isra'ila. A wannan wata muna so mu kai masu karatu can, su ga abin da muka gani.

Hanyar Zuwa

Daga Urushalima zuwa Elat ya fi kilomita 300. Mun gangara ta gefen Tekun Gishiri, muka shiga kwarin Araba. Hagu da dama duwatsu ne jajaye da baƙaƙe, ba ciyawa, sai itatuwan ƙaya masu kama da bagaruwa nan da can, da gonakin dabino waɗanda ake ba su ruwa da famfo. Saura kamar kilomita 25 a kai gari akwai wani wuri, Timna, inda mutanen dā suka haƙi tagulla. Ruwan saman da ake yi a Elat shekara guda cur bai kai wanda yakan zubo a Jos dare ɗaya cikin watan Agusta ba.

Muna cikin wannan ƙuna sai ga teku, shuɗi kamar an zuba baba. In mutum ya tsaya a bakin gaɓa yana ganin garin Akaba na ƙasar Urdun a hagunsa, kusa ƙwarai. Ƙasar Masar tana dama, tafiyar 'yan mintoci a mota. In gari ya yi garau har duwatsun Saudiyya ana hangowa. Ƙasashe huɗu ke nan a bakin ruwa ɗaya. Ruwan ba shi da faɗi, inda ya fi faɗi ma bai wuce kilomita 25 ba, amma zurfinsa a wani wuri ya zarce mita 1,800.

Garin na yanzu sabo ne, bayan shekarar 1949 aka gina shi, amma sunan tsoho ne. Littafin Sarakuna na Fari, sura 9, ya gaya mana cewa a Eziyon-geber kusa da Elat ne Sarki Sulemanu ya sassaƙa jiragen ruwa. Hiram, sarkin Taya, ya aiko masa da matuƙa waɗanda suka san teku, suka tafi Ofir tare da barorin Sulemanu, suka komo da zinariya talanti 420. Akwai wani sarki kuma da ya sassaƙa jirage a nan, amma nasa ba su je ko'ina ba. Za mu komo kansa a gaba.

Murjani Mai Rai

Iyayenmu mata sun san murjani, jan dutsen nan na wuya. Da yawa cikinmu kuwa mun ɗauka daga ƙasa ake haƙo shi. A teku yake, kuma halitta ce mai rai. Waɗansu ƙananan dabbobi ne, da yawansu ba su fi ƙwayar dawa ba, suna zama jingim wuri ɗaya, kowace tana gina wa kanta ɗaki da irin farar ƙasa. In waɗannan suka mutu, 'ya'yansu su yi gini a bisa nasu. Da haka, shekara da shekaru, har ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. Jan da ake yin dutsen wuya da shi galibi daga Bahar Rum yake fitowa. Na Bahar Maliya 'yan'uwansa ne, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa.

Cikin jikin murjani akwai wata gansakuka wadda ido ba ya gani. Ita ke yi masa abinci da hasken rana, shi kuwa ya ba ta masauki. Saboda haka murjanin tudu ba ya rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, mai tsabta, inda rana ke ratsawa. A kewayen tuddan nan ne kifaye suke taruwa. A Bahar Maliya an ƙidaya irin kifi fiye da 1,000, waɗansunsu kuwa ba a samunsu a wani teku dabam.

Kudu da garin kaɗan, a hanyar iyakar Masar, akwai gidan kallon kifi wanda aka buɗe tun cikin shekarun 1970. Mun bi wata gada zuwa cikin teku, muka shiga hasumiya, muka gangara matakala har ƙarƙashin ruwa. Ɗaki ne mai tagogin gilashi. A nan mu ne a cikin akwati, kifaye kuwa suna waje suna harkarsu. Gani ya kori ji. Ga waɗansu ƙanana masu launin lemo, ɗaruruwa, suna reto a bisa murjani kamar an watsa furanni. Ga kifin aku, mai baki irin na aku, yana kankarar dutse, yana kasayar da farin yashi. Babba da ƙarami, mai cin ganye da mai cin nama, duk suna wuri ɗaya.

Da muka hau, sai muka zaga ɗakunan da ke kan tudu, inda aka ajiye kifaye cikin akwatunan gilashi manya da ƙanana. A nan muka lura da wani abu. Waɗanda muka gani a cakuɗe a teku, a nan an rarraba su. Wani yana da abokan zama da yawa, wani biyu ne kawai, wani kuwa shi kaɗai. Dalilin shi ne, a teku akwai fili. In an kori kifi sai ya yi gaba, in an biyo shi ya shige rami. A akwati kuwa bango huɗu ne, wanda aka kora ba shi da wurin zuwa. Saboda haka masu wannan kiwo, ko a babban gida irin wannan ko a falon mutum, suna da tambayoyin da sukan yi kafin su haɗa kifi da kifi.

Tambaya Ta Fari: Yaya Girman Bakinsa?

Wanda ya fi jan idon jama'a shi ne kifin zaki. Jikinsa rodi-rodi ne, ja da fari, fikafikansa a baje kamar gezar zaki, tafiyarsa a hankali kamar basarake. Ƙayoyin bayansa suna da dafi. Ba shi da yawan faɗa, sai dai duk abin da ya iya shiga bakinsa abinci ne. Mutum ya sa shi da ƙananan kifaye da jatan lande, kowace safiya zai ƙidaya ya ga babu ɗaya. Ba a ba kura ajiyar nama. Masu kiwon tarwaɗa a gida sun san wannan sarai, gama in ba su ware manya daga ƙanana a kan kari ba, manyan za su cinye musu riba.

Waɗansu da suka sayi kifin zaki suka rasa yadda za su yi da shi, ana kyautata zaton sun juye shi a teku. A shekarar 1985 aka fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka, inda ba asalinsa ba ne, ba kuwa mai cinsa. Daga nan ya bazu cikin tekun Karibiyan yana cinye 'ya'yan kifayen wurin. Sakacin mutane kaɗan ya zama wahalar masunta masu yawa.

Ta Biyu: Me Yake Ci?

Akwai kifin da Turawa suka sa wa sunan malam-buɗe-littafi saboda kyan launinsa. Da yawa cikin danginsa abincinsu shi ne ƙananan dabbobin nan na murjani. Wanda ya kashe kuɗi ya raini murjani a akwati, sa'an nan ya sa irin wannan kifi, ya sa akuya a lambu ke nan. In kuwa ya hana shi murjani, sai ya ƙi cin kome har ya mutu. Haka nan akwai masu haƙora da ke farfasa ƙaguwa da dodon koɗi, alhali waɗannan su ne masu sharar akwatin. Mai hankali yakan bar irin waɗannan a teku, ko kuwa ya yi musu akwati dabam wanda ba murjani a ciki.

Ta Uku: Da Wa Yake Kama?

Mu da muka saba da kaji mun san zakaru biyu ba sa zama akurki ɗaya. A wurin kifaye ma, faɗa ya fi tsanani tsakanin masu kama da juna, gama abinci ɗaya suke nema, rami ɗaya suke so. Akwai wani iri mai cin gansakuka, wanda yake da 'yar wuƙa a gindin wutsiya, kowane gefe guda. In biyu masu siffa ɗaya suka haɗu a ƙaramin wuri, sai su yi ta yankan juna. Akwai kuma wani ɗan mitsitsi da Turawa ke ce wa budurwa. Sunan ne kawai mai taushi. Yana da gonarsa ta gansakuka a kan dutse, yana tsaronta, har mai ninƙaya yakan kai wa cizo. Da yake yana da arha, yana kuma da jimiri, shi sababbin masu kiwo suka fi saye da fari, daga baya ya hana kowa sakat.

Wanda yara suka fi so shi ne wawan sarki, ɗan kifi mai launin lemo. Na Bahar Maliya yana da farin zane biyu a jiki. Gidansa wata dabba ce mai kama da fure, mai yatsu da yawa masu harbi. Yawancin kifaye suna gudunta, shi kuwa wani yauƙi a jikinsa ya tsare shi, a ciki yake kwana. Yana korar masu son cin furen, furen yana tsare shi daga masu son cinsa. Amma mata da miji ɗaya ake sawa a akwati. In aka ƙara waɗansu biyu, masu gida ba za su huta ba sai sun ga bayansu.

Ta Huɗu: Ina Zai Kai In Ya Girma?

A kanti duk kifaye ƙanana ne, gama 'ya'ya ake sayarwa. Mata da miji na wawan sarki suna iya zama a akwati mai cin lita 100 zuwa 150. Amma akwai wani mai wuƙa a wutsiya, ɗan asalin Bahar Maliya, ana ce da shi sohal, wanda yakan kai santimita 40, kuma yini yake yana gudu. Masu kiwo sukan ce kada a sa shi a abin da bai kai wajen lita 1,000 ba. Yana ƙarami lafiya lau, ya girma kuwa sai ya zama sarkin ƙarfi. Kifin zaki ma da aka saya kamar ɗan yatsa yakan kai santimita 30 ko fiye.

Ta Biyar: Wa Zai Fara Shiga?

Ko an zaɓi waɗanda za su iya zama tare, ba a zuba su rana ɗaya. Da fari akan haɗa ruwan, gishirin teku giram 35 a kowace lita, ɗuminsa wajen digiri 25. Sa'an nan a jera duwatsu masu ramummuka da yawa, domin kowa ya sami maɓoya. Sai a bar akwatin mako huɗu zuwa shida ba kifi, har waɗansu ƙwayoyin halitta masu amfani su yi yawa, waɗanda ke kashe dafin kashin kifi. Bayan haka a fara sa masu sanyin hali da masu tsoro, su zauna su san gida. Mafaɗata su ne na ƙarshe, gama in mafaɗaci ya riga kowa shiga, akwatin duka ya zama nasa. Kowane baƙo kuma akan ajiye shi shi kaɗai a wani ƙaramin akwati kamar wata guda, a duba ko yana ɗauke da cuta. Kifi ɗaya mai cuta yana iya ƙarar da gida duka cikin 'yan kwanaki. Rigakafi ya fi magani.

Ba muna ba kowa shawara ya shiga wannan kiwo ba ne. Yana cin kuɗi, yana kuma bukatar wutar lantarki dare da rana, gama in famfon ya tsaya 'yan sa'o'i kifaye za su rasa iska. Yawancin kifayen nan ma daga teku ake kamo su, a waɗansu wurare na Filifin da Indonesiya har da guba, wadda ke kashe murjani. Wanda yake da hali kuma ya nace, gara ya nemi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, kamar wawan sarki. Allah ya ba ɗan adam mulkin kifayen teku tun a sura ta fari ta Littafin Farawa, mai mulki kuwa zai ba da lissafi.

Wanzami Da Mai Kama Da Shi

Kifaye biyu ne suka fi tsaya mana a rai. Na fari muka sa masa suna wanzami. Ɗan siriri ne, tsawonsa wajen santimita 10, da baƙin zane daga baki har wutsiya. Yana da wurin aikinsa a kan dutse. Manyan kifaye, har masu cin nama, sukan zo su tsaya, su buɗe baki, ya shiga ya tsince musu ƙwarin da ke shan jininsu, ya fito lafiya. Masu bincike a Ostareliya sun tarar guda ɗaya yana cin irin ƙwarin nan fiye da 1,000 a yini. Shi ya sa a ƙaramin akwati sau da yawa yunwa ke kashe shi, gama masu zuwa aski ba su da yawa.

Na biyun kuwa ya sa rigar wanzami, zane iri ɗaya, har rawar da wanzami ke yi don kiran jama'a ya koya. Babban kifi ya saki jiki, sai ya gatsa masa fiffike ya gudu. Kama da wane ba ta wane. Ido ba ya saurin rabe su, sai an duba baki: na mai yaudarar yana ƙasa, da haƙora biyu dogaye a ɓoye.

Akwai kuma abota mai ban sha'awa a kan yashi. Wani jatan lande ne wanda ba ya gani sosai, amma gwanin haƙa rami. Wani ɗan kifi kuma, gobi, yana da ido amma ba ya haƙa. Sai suka haɗa gida. Jatan lande yana fid da yashi, gashin bakinsa ɗaya a jikin gobi. Da gobi ya hangi haɗari ya kaɗa wutsiya, sai su faɗa rami tare. Ba su yi kama da juna ko kaɗan ba, amma masu kiwo da gangan suke haɗa su.

Jiragen Yehoshafat

Yanzu bari mu koma kan sarkin nan na biyu. Yehoshafat, sarkin Yahuza, mutumin kirki ne, mai tsoron Allah. Littafin Tarihi na Biyu, ƙarshen sura 20, ya nuna ya haɗa kai da Ahaziya, sarkin Isra'ila, wanda mugu ne, suka sassaƙa jirage a Eziyon-geber. Annabi Eliyezer ya faɗa masa cewa saboda wannan haɗin kai Ubangiji zai rushe aikin. Jiragen kuwa suka farfashe, ba su yi tafiyar ba. Gaɓa ɗaya ce da ta Sulemanu, ruwa ɗaya. Kirkin Yehoshafat bai tsirar da jiragensa ba.

'Yan'uwa, gida ya fi kama da akwati bisa ga teku. A kasuwa in ba ka jitu da mutum ba, sai ka sāke rumfa. A gida kuwa ƙofa ɗaya ce, tukunya ɗaya, yara kuma ba su da wurin gudu. Duk da haka sau nawa mukan shigo da mutum ba tare da tambaya ko ɗaya ba? Saurayi ya ga kyau, ya manta da hali. Iyaye suka ga mota, ba su tambayi inda yaron yake sujada ba, ko yadda yake yi da mahaifiyarsa. Maigida ya haɗa jari da wanda kowa a kasuwa ya san mudunsa biyu ne. Uwargida ta bar 'ya'yanta mata a ɗaki ɗaya da baƙon da ba wanda ya san inda ya fito, don kawai ya iya waƙa da addu'a mai tsawo. Mai rigar wanzami yana shiga ikkilisiya ma. Tambaya ba rashin bangaskiya ba ce, kuma lokacin tashi da baiko an yi shi ne domin a duba, kamar yadda ake duba baƙon kifi kafin a haɗa shi da na gida.

Amma kada wani ya ɗauki wannan magana ya rufe ƙofa ga maraya, ko tsohuwar da ba ta da kowa, ko ɗan ƙauye da ya zo makaranta a birni. Littafi Mai Tsarki ya umurce mu mu karɓi baƙi. Abin da mai kiwon kifi ya koya mana shi ne a karɓa da shiri. A tanadi wurin kwana, a faɗi dokar gida tun ranar fari, a fara tsare marar ƙarfi, kada a bar mai ƙarfin murya ya mallake tsakar gida. In ana iyawa, surukuwa da matar ɗa kowace ta sami murhunta, gama su ma abu ɗaya suke so, wato mutum ɗaya da ɗakin girki ɗaya. Kada kuma bambancin yare ko na hali ya tsorata mu. Gobi da jatan lande ba su yi kama ba, amma abin da ɗaya ya rasa yana wurin ɗayan.

Akwai kuma inda misalin ya tsaya. Kifin zaki zai mutu yana kifin zaki, ba wanda zai yi masa wa'azi. Mutum kuwa, ko da Hausawa sun ce hali zanen dutse, Yesu Almasihu yana iya ba shi sabuwar zuciya, cikinmu ma akwai shaidu da yawa. Sai dai wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Yarinyar da ta auri mashayi da nufin za ta gyara shi ta ɗauki aikin da ba nata ba. A bari tuban ya fito fili, a ga 'ya'yansa, kāna a ɗaura aure. Annabi Ishaya ya hango ranar da kyarkeci da ɗan rago za su zauna tare. Muna sa zuciya ga ranar nan, amma kafin ta zo makiyayi ba ya barin garke ba tsaro.

Muna roƙon kowane gida da wannan jarida ta shiga, a lokacin addu'ar dare a wannan mako a karanta Tarihi na Biyu, sura 20, daga aya 35 zuwa 37. Sa'an nan maigida da uwargida su zauna su tambayi juna: wa muke shirin shigowa da shi gidan nan, ta aure, ko ta ciniki, ko ta zama? Mun bincika? Wa ya fi kowa rashin ƙarfi a cikinmu, wa kuma ke tsaronsa? Ubangiji wanda ya yi teku da dukan abin da ke cikinsa ya ba mu hikima, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Amin.